Farar Ƙasar Getso Da Makarantar Kabo: Kada Kaza Ta Kwana Kan Dami



Ya ku 'yan'uwa masu karatu, a fitowar wannan wata mun ga ya wajaba mu tsaya a kan wata mas'ala wadda ba kasafai ake tayar da ita a majalisunmu ba, alhali kuwa ta shafi abincinmu, da lafiyar 'ya'yanmu, da makomar gonakin da muka gada. Mas'alar ita ce ta binciken ilmi a kan ma'adinai, wato sanin abin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, da yadda ake fito da shi, da yadda ake sarrafa shi har ya zama abin amfani. Za mu yi misali da ƙasar Gwarzo da ta Kabo, a yammacin Jihar Kano, domin daga can ne dalilin wannan rubutu ya taso, ko da yake maganar ta shafi kowane gari a ƙasar Hausa.

A shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a garin Kabo, sannan a 2025 aka ɗaga darajarta zuwa jami'a. Babu shakka wannan abin farin ciki ne ga duk mai ƙaunar ilmi. Sai dai wanda ya kasa kunne ga hirar da ake yi a tasha da kasuwa da gindin bishiya zai ji cewa tambayoyin da suka cika bakin jama'a su ne: wa zai sami aiki, wa zai sami kwangila, nawa fuloti ya kai a kusa da makarantar? Ba mu zargin kowa a kan neman halalinsa. Abin da ya dame mu shi ne, tambayar da ta fi waɗannan nauyi ba mu ji mai yin ta ba: me wannan makaranta za ta bincika? Ra'ayinmu a taƙaice shi ne ta fara da ƙasar da aka gina ta a kai, mu kuma mu tsaya a bayanta har sai abin da ta gano ya fito daga ɗakin gwaje-gwaje ya iso ƙauye.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN ƘAFAFUNMU

Bari mu fara da abin da babu, domin mu huta da mafarki. Tun da aka ba da sanarwar samun ɗanyen mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a shekarar 2019, mutane da yawa a Arewa suka shiga tsammanin wata rana za a wayi gari da rijiyar mai a bayan garinsu. Gaskiyar magana ita ce mai ba ya samuwa ko'ina. Asalinsa ragowar ƙananan halittu ne da suka mutu a cikin teku ko manyan tafkuna tun zamani mai nisa, laka da yashi suka binne su hawa-hawa har kaurin ya kai kilomitoci, zafi da nauyi suka mayar da su mai da iskar gas. Saboda haka sai a kwarin da irin wannan laka ta taru ake nemansa, kamar bakin kogin Neja inda aka fara samunsa a Oloibiri a 1956, ko kwarin Binuwai inda Kolmani take, ko Agadem a gabashin Jamhuriyar Nijar, wadda ke ciyar da matatar da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011.

Gwarzo da Kabo kuwa a kan tsohon dutse suke zaune, irin wanda muke gani ya ɓullo nan da can a matsayin fa ko tsauni, ake fasa shi a yi tsakuwar gini. Wuta da matsi ne suka samar da wannan dutse, kuma ba ya riƙe mai. Duk wanda ya zo mana da labarin rijiyar mai a wannan yanki, ko dai bai sani ba, ko kuma idonsa yana kan aljihunmu.

Amma tsohon dutse yana da nasa alherin. Idan ruwan sama da zafi suka daɗe suna aiki a kansa, sai ya ruɓe. Inda ƙarfen da ke cikinsa ya taru a sama, sai ya zama jar marmara, wadda kakanninmu suka tsinci tama a cikinta. Inda kuwa ruwa ya wanke ƙarfen, farin ma'adinin cikin dutsen ya rududduge, sai a sami farar ƙasa mai laushi kamar gari, wadda masana ke kira kawolin. Irinta ce ake samu a Getso, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo, kamar yadda ake samunta a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Iyayenmu mata sun san farar ƙasa tun da daɗewa, da ita suke shafe ɗaki ya yi fes. Abin tambaya shi ne ko iyakar amfaninta ke nan.

ABIN DA FARAR ƘASA KE IYA ZAMA

Sunan kawolin daga wani tudu ya samo asali a ƙasar Sin, inda aka daɗe ana haƙar wannan ƙasa ana yin tangaran da ita. Turawa sun yi ƙarnoni suna sayen tangaran daga Sin da tsadar gaske, ba su san sirrinsa ba, sai bayan gwaje-gwaje na shekaru suka kafa masana'antarsu ta farko a Meissen ta ƙasar Jamus a 1710. Duk tsawon wancan lokaci farar ƙasar tana nan a ƙarƙashin gonakinsu. Bincike ne ba su yi ba tukuna.

Idan farar ƙasa ta tsarkaka, a cikin kowane kashi 100 nata kimanin 46 sinadarin yashi ne, kusan 40 sinadarin da ake samun alminiyam daga gare shi ne, sauran 14 kuma ruwa ne da ke ɗaure a jikinta. Amma wadda ke fitowa daga rami ba tsarkakakkiya ba ce. Tana zuwa da tsakuwa da yashi da ɓurɓushin ƙarfe mai ɓata mata launi. Don haka aikin farko shi ne wanki, kuma duk macen da ta iya yin gasara ta san hanyar: a jiƙa, a dama, a tace, a bari ta kwanta, a tsiyaye ruwan, a shanya. Bambancin kawai shi ne mai bincike yana aunawa kafin wanki da bayansa, domin ya san abin da ya fita da abin da ya rage. Wankakkiyar farar ƙasa ita ce ke shiga fenti, da takarda, da tayil, da kwanonin tangaran, da kofunan nan da ke riƙe waya a kan turakun lantarki, da bulo mai jure wuta wanda ake shimfiɗa wa tanderun narka ƙarfe.

Mataki na biyu shi ne gashi. Idan aka gasa ta a zafin digiri 600 zuwa 800, ruwan da ke ɗaure a jikinta yana fita, jikinta ya saki, ta zama mai saurin haɗuwa da wasu sinadarai. A wannan hali, idan aka dafa ta da asid irin na ruwan batir, sai a sami alam, wato alif ɗin da ake kwantar da dattin ruwa da shi a matatun ruwa irin na Challawa da Tamburawa. Idan aka gauraya ta da siminti daidai gwargwado, tana ƙara wa gini ƙarko, ta kuma rage yawan simintin da ake bukata. Idan kuwa aka dafa ta da soda a cikin rufaffiyar tukunya, aka daidaita haɗin, sai ta rikiɗa ta koma wani gari mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, wanda ake kira ziyolait.

A nan ne maganar ta sake komowa kan man fetur. Idan an tace ɗanyen mai, kaso mai yawa yana saura da nauyi da kauri, ba ya tayar da mota. Sai an farfasa shi a cikin zafi tare da wani gari mai hanzarta aikin, kamar yadda kanwa ke sauƙaƙa dahuwar wake, kafin ya koma fetur. Tun shekarun 1960 ziyolait ne zuciyar wannan gari, kuma kawolin na cikin manyan abubuwan da ake haɗa shi da su. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an gina ta da sashen da ke wannan aiki, haka ma matatar Ɗangote da aka ƙaddamar a Legas a 2023 mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana. Wannan gari kuwa daga ƙetare ake sayo shi. Ashe ke nan ƙasar da ba ta da rijiyar mai ko ɗaya tana iya samun ƙofar shiga harkar mai, idan tana da farar ƙasa da masu ilminta.

Kuma ba a ce ba a fara komai ba. Masu bincike a sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun shafe shekaru suna aiki a kan mayar da farar ƙasar Ƙanƙara ziyolait, da tallafin asusun bunƙasa fasahar man fetur na tarayya. A Jami'ar Bayero ta Kano ma an ɗauki farar ƙasar Getso, an wanke ta, an auna abin da ke cikinta, an wallafa sakamakon. Muna yaba wa waɗannan bayin Allah. Amma mutum nawa ne a Getso ya taɓa jin abin da aka gano game da ƙasar garinsu? Ɗan kasuwa nawa ne a Kano aka zaunar aka yi wa bayani da harshen da yake ji? Sakamakon yana cikin mujallu da Turanci, mai ƙasar yana gona, mai kuɗin yana kanti, babu wanda ya haɗa su.

MU BA BAƘI BA NE A WANNAN FAGE

Kada wani ya ɗauka cewa ilmin ma'adinai baƙon abu ne da Bature ya kawo. Masu haƙar kayan tarihi sun gano tanderun narka tama a gindin Dala wanda shekarunsa suka koma ƙarni na 7 na Miladiyya, kuma ruwayar baka ta ce maƙera ne daga Gaya suka zo neman tama suka zauna a wurin. A Riruwai, kudancin Jihar Kano, ana narka kuza ana zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa, tun kafin zuwan Turawa.

Mu dubi abin da mai narka tama na wancan zamani ya sani. Ya san dutsen da ke da ƙarfe daga nauyinsa da launinsa. Ya san gawayin ƙirya ya fi na sauran itatuwa zafi da daɗewa. Ya san yumɓun da zai jure wuta kwana da yini bai tsage ba, da yawan iskar da tanderu ke bukata, da lokacin da kashin tama zai rabu da ƙarfe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka samu ba tare da gwaji da kuskure da sake gwaji ba, wanda shi ne ainihin abin da ake kira bincike a yau.

To, me ya kashe wannan sana'a? Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da tarkacen injuna suka cika kasuwa da araha, sai tanderu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Amma akwai dalili na biyu wanda yake daga gare mu: ilmin sirrin gida ne, ba a rubuta shi ba, ba a kuma ƙara masa komai ba, don haka da dattawan suka ƙaura sai ya bi su. Yau maƙerinmu da sifirin tsohuwar mota yake ƙera fartanya. Wannan ya faru ne a ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa, ya sanya kula da masu sana'a, har da maƙera, cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba, kuma malamanmu suka daɗe suna karantar da cewa duk ilmin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi farilla ce ta kifaya, idan kowa ya bari kowa ya ɗauki alhaki.

DARASI BIYU DAGA ZAMANINMU

Darasi na farko shi ne Ajaokuta. A 1979 Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Tarayyar Sobiyet domin gina katafariyar masana'antar ƙarfe, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinta a 1980, zuwa 1994 aka ce aiki ya kai kashi 98 cikin 100. Amma aka haura shekara 40 da aza harsashi babban tanderunta bai narka tama ba. Dalilai suna da yawa, akwai siyasa, akwai almundahana, akwai bashi. Wanda ya shafi maganarmu shi ne na kayan aiki. Tamar Itakpe ƙarfen da ke cikinta bai wuce kimanin kashi 36 ba, alhali tanderun yana bukatar sama da 60, sai an niƙa ta an tace. Kwal ɗin Inugu kuma ba irin wanda ke dunƙulewa ya ɗauki nauyin tama a cikin tanderu ba ne. Layin dogon da zai haɗa Itakpe da Ajaokuta da Warri sai a 2020 aka ƙaddamar da shi. Masana'antar murza ƙarfe ta Katsina da aka buɗe a 1982 kuwa an tsara ta ne ta jira ɗanyen ƙarfe daga Aladja, can bakin teku. An tura ɗaruruwan 'yan ƙasa Rasha da Indiya sun koyo aiki, suka dawo suka tsufa suna jira. Abin da muka fahimta shi ne, ana iya sayo inji da kuɗi a rana ɗaya, amma aikin da ya fi ƙarfin ilmin da ke ƙasa, idan ƙulli ɗaya ya kwance sai dukkansa ya tsaya.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. A farkon shekarar 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta sa-kai, wadda ake kira MSF, suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya aka gano abin ya kai Bagega. Mutanen waɗannan ƙauyuka zinariya suke nema. Suna ɗauko dutse daga rami su kai cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi. Ba su san cewa dutsen cike yake da dalma ba. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ta shiga abinci da ruwa. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka bukaci magani, wasu kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har iyakar rayuwarsu. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Ya 'yan'uwa, mu yi wa kanmu adalci. Waɗancan iyaye ba su ƙi 'ya'yansu ba, talauci ne ya kai su rami. Da an ɗauki dunƙulen dutse ɗaya an kai ɗakin gwaje-gwaje kafin a fara daka, awon yini ɗaya ya isa ya nuna dalmar. Kuma kada mu ce abin ya yi mana nisa. Matasanmu suna tafiya ramukan zinariya a jihohin maƙwabta, suna dawowa da ƙurar a tufafinsu, suna ƙona zaiba da hannunsu suna shaƙar hayaƙinta. Ko a gida ma, ƙurar dutsen da ake fasawa tana cin huhu a hankali, rami marar tokari yana ruftawa, kuma ruwan wankin ma'adinai idan aka sake shi, gangarawa zai yi zuwa madatsun da muke sha muke noman rani da su, irin su Guzuguzu da Challawa.

Ajaokuta ta nuna mana ƙarshen babban aikin da ilminsa bai yi saiwa ba, Zamfara ta nuna mana ƙarshen haƙa babu ilmi sam. Tsakanin waɗannan biyu akwai hanya: ƙaramin aiki, a kan ma'adinin da muke da shi, da ilmin da 'ya'yanmu za su iya riƙewa.

GA MASU CEWA BA YANZU BA

Mun san akwai masu cewa, mutanen da ke fama da abin da za su ci da rashin wutar lantarki, ina su ina bincike? Akwai gaskiya a cikin wannan magana, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Abin da ya yi kyau a cikin kwalba a ɗakin gwaje-gwaje ba lalle ne ya yi riba a masana'anta ba. Gashi yana cin makamashi mai yawa, wanki yana cin ruwa, kuma kamfanonin ƙetare sun riga mu da shekaru masu yawa. Babu mai hankalin da zai ce gobe Getso za ta fara sayar wa matatun mai kaya.

Amma wannan hujja ce a kan a yi bincike, domin tambayoyin da mai zuba jari zai yi duk bincike ne ke amsa su. Tan nawa ne a ƙasa? Zurfinsa nawa? Ingancinsa ɗaya ne daga wannan rami zuwa wancan? Wanki nawa yake bukata kafin mai fenti ya karɓa? Nawa buhu zai tsaya idan ya isa Sharaɗa ko Bompai? Idan amsar ta fito da kyau, an sami sana'a. Idan ta fito akasin haka, an tsirar da dukiyar mutane daga asara, an bar gona ta ci gaba da zama gona. Sannan ba dole ne a fara daga sama ba. Wankakkiyar farar ƙasa ga masu fenti, da bulo mai jure wuta ga masu gidan burodi da masu zubin tukwane, ayyuka ne da ba su fi ƙarfin ƙungiyar gari ɗaya ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Na farko, ga hukumomin makarantar Kabo. Muna kira da su ba ilmin duwatsu da haƙar ma'adinai da sarrafa ƙarafa da yumɓu matsayi na gaba, su kuma sa ɗalibansu su zana taswirar ma'adinan Gwarzo da Kabo da Karaye da Shanono, gunduma-gunduma. Ba sai sun fara daga babu ba. Hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa, wadda asalinta ya koma 1919, tana da ɗakunan gwaje-gwaje a Kaduna, akwai cibiyar binciken sarrafa ƙarafa a Jos, ga Zariya, ga Bayero, ga kuma makarantar nazarin muhalli ta kwalejin fasahar Jihar Kano a cikin garin Gwarzo. A haɗa hannu da su. Kuma kowane bincike da aka kammala a kan ƙasar wani gari, a taƙaita shi da Hausa a shafi biyu, a kai wa mutanen garin, a karanta musu a gaban dagacinsu.

Na biyu, ga iyayen ƙasa da shugabannin ƙananan hukumomi. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya sanya mallakar ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, amma dokar ma'adinai ta 2007 ba ta bar mai gona haka nan ba. Ta shar'anta neman yardar mai ƙasa, ta kuma wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya fara aiki. Saboda haka duk baƙon da ya zo da mota da takarda, a nemi ganin lasisinsa, a nemi sakamakon awon da ya yi, a tambaye shi wa zai cike ramin idan ya gama. Sa hannu a kan takardar da ba a karanta ba cin amanar talakawa ne.

Na uku, ga masu hali. Yankin nan bai rasa attajirai ba, kuma mun shaida suna alheri. Muna tunatar da su cewa na'urar awo guda ɗaya da aka yi waƙafinta ga makaranta, wadda duk mai haƙa zai iya kai samfurinsa a duba masa da kuɗi kaɗan, tana iya tsare rayukan yaran ƙauye guda. Haka nan ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya har ya ƙware, ko zuba jari a ƙaramar masana'antar wanke farar ƙasa bayan an tabbatar da awo.

Na huɗu, ga iyaye da ɗalibai. Tun da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, Kano ta nuna cewa 'ya'yan talakawa suna iya kimiyya idan an ba su dama. Sai dai har yanzu yawancinmu likita kawai muka sani, yaron da aka ba ilmin duwatsu ko na ƙarafa sai a riƙa yi masa jaje. Wannan kuskure ne. Likitan da ya yi wa yaran Bagega magani ya yi babban aiki, amma masanin da zai auna dutsen tun farko shi ne zai hana su kwanciya. 'Ya'yanmu mata ma suna da wuri a wannan fage, musamman a ɗakunan awo.

Na biyar, ga masu haƙa da kansu. Ku haɗu ku yi ƙungiya mai rajista, domin doka ta buɗe wa ƙananan mahaƙa ƙofar samun lasisi ta wannan hanya, kuma mai saye ba ya raina farashin jama'a kamar yadda yake raina na mutum ɗaya. Kada a shigar da dutsen rami cikin gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, kada a bar yaro kusa da wurin aiki. A jiƙa dutse kafin a niƙa domin ƙura ta kwanta, a wanke jiki a sauya tufafi kafin a koma cikin iyali.

Daga ƙarshe, muna roƙon kowane mai karatu da ya fito daga wannan yanki ya ɗauki wannan magana ya kai ta taron ƙungiyar garinsu na gaba, a sanya ta cikin ajanda, a naɗa mutum biyu ko uku da za su je Kabo da Kano su tambayi malaman jami'a abin da aka sani game da ƙasarsu. Magabata sun ce rashin sani ne ya sa kaza ta kwana kan dami. Damin yana nan a Getso, makarantar kuma ta zo har ƙofar gida.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya tsare mana zuriyarmu, Ya sanya albarka a cikin ƙasarmu da abin da ke cikinta, amin.